Babi na Bakwai: Maƙwabtaka da Dogo

Duk wanda ya tashi a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san irin daren ƙasarmu. Da an idar da sallar isha'i, masu tireda sun rufe, abin da kunne zai ji bai wuce haushin kare daga nesa ba, sai kukan gyare, da damina kuma kwaɗin fadamun Gulbin Zamfara su karɓe. Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa wannan yanki ba. Labarinsa muke ji a bakin fatake da waɗanda suka kai auduga Gusau, har yaro ya riƙa sawwara shi a ransa kamar wata dabba mai numfashi da hayaƙi.

Ina ɗan shekara tara ko goma aka kai ni Gusau hutu wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a wani gida da bai fi taku hamsin ba daga layin dogo. Motar katako ce ta ɗauko mu daga Anka, ta biyo da mu ta Mayanci, muka shiga gari da la'asar sakaliya. Gajiya ta sa ko tuwon dare ban gama ba barci ya kwashe ni a kan tabarma a ɗakinta. Can tsakar dare na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin haƙarƙarina. Jikina ya riga kunnena ji. Sai kwanukan jerenta, waɗanda aka ɗora bisa juna tun daga ƙasa har kusa da rufi, suka soma kaɗawa suna ƙara a hankali, murfi na bugun murfi. Ruwan randa ya ɗauki rawa. Sannan jiniya ta tsaga daren, dogon kuka mai shiga har cikin haƙori, ƙafafun ƙarfe suka biyo baya suna sara, tarago bayan tarago, kamar ba za su ƙare ba. Na zabura na nufi ƙofa. Gwaggo ko ido ba ta buɗe ba, hannu kawai ta miƙo ta kamo ƙafata.

"Kwanta, ɗan nan. Jirgi na, ba komi. Kwana ukku ka saba."

Ba ta yi ƙarya ba. Kafin mako ya zagayo na daina farkawa. Amma na daɗe ina juya maganar nan tata, kuma ita ce ta sa na rubuta wannan babi, domin na zo na gane cewa rabin gaskiya ta faɗa mini, rabin da ita ma aka faɗa mata.

Dogon da ya tayar da ni a daren nan reshe ne da ya ɓalle daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe ya shigo Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya je ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Babban layin ya riga ya isa Kano tun 1911. Turawan mulkin mallaka ba don mu ziyarci dangi suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da auduga da fatu suke so su kai bakin teku da arha, shi ya sa aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau, kamfanonin Turawa da 'yan Kwara suka buɗe kantuna kusa da tasha, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari. Gusau da ta zama babban birnin jihar Zamfara a 1996, bashin girmanta na farko dogo ke bin ta. Daga Ƙaura kuwa layin bai ƙara gaba ba, bai kai Sakkwato ba, balle ya waiwayo yamma wajenmu. Manomin Gummi ko na Bukkuyum sai ya ɗora buhunansa a jaki ko raƙumi, daga baya a mota, ya bi jirgi inda yake. Kuɗin dakon nan daga ribarsa ake cire shi. Don haka in ka ji dattijon yankinmu yana maganar jirgin ƙasa, da sha'awa yake yi, irin sha'awar da ake yi wa arzikin da ya sauka gidan maƙwabci. Ba zai taɓa kawo maka zancen ƙara ba, don bai kwana kusa da ita ba.

Waɗanda suka kwana kusa da ita ma ba su cika kawo zancen ba. A unguwar gwaggo jirgi agogo ne, kuma kasuwa ne. Da an ji jiniyarsa daga nesa 'yan mata ke sungumar farantan dafaffen ƙwai da gyaɗa da rake su nufi tasha a guje, 'yan dako su miƙe daga inuwa, mai shayi ya ƙara itace. Mijin gwaggo, wanda muke kira Baba, lebura ne a reluwe, daga cikin masu bin layi suna ɗaure ƙusoshi da gyara tsakuwa, daga baya aka mai da shi wajen da ake haɗa taragu. Da albashin nan aka gina gidan, da shi aka aurar da 'ya'ya. Mutumin da abincinsa ke fitowa daga abu ba ya kai ƙararsa. In malamin makarantar allo yana biya wa yaro karatu jirgi ya taho, sai ya dakata, ya bar yatsansa a kan layin da yake, har tarago na ƙarshe ya wuce, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Haka mata ke yi a tsakar gida, magana ta yanke a tsakiya, a jira, a ɗora. Babu mai tsaki. An mai da shi kamar ruwan sama, abin da ba a yi wa gardama.

Abu biyu na gani a gidan nan waɗanda sai da na girma na san fassararsu. Na farko jaririyar kishiyar gwaggo ce. Tana barci a kan zane a rumfa da rana, jirgin kaya ya zo wucewa. Ba ta farka ba, amma na ga hannuwanta sun watsu kamar mai neman abin kamawa, yatsun sun buɗe, numfashinta ya yi sauri, fuskar ta yamutse, sannan a hankali ta koma. Uwarta ta ce, "Ka gani, ta saba, ko motsi ba ta yi." Alhali ta yi, a gaban idonmu. Na biyu Baba ne da kansa. In za ka yi masa magana sai ya juyo maka da kunnen dama, ya ce "Na'am?" sau biyu ko uku, rediyonsa kuwa har maƙwabta na jin labaran duniya da ita. Mutanen gida sun ɗora abin a kan tsufa, shi kuwa a lokacin bai kai hamsin ba.

Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a sha'anin ƙara maganar ta zauna daidai. Abin da ke sabawa shi ne hankali: ya daina ɗaukar ƙarar a matsayin labari, ya daina tayar da kai. Kunne kuwa ba shi da murfi irin na ido, a buɗe yake kwana. Masu binciken barci sun auna mutane a ɗakunan gwaji, suna sakar musu ƙarar jirgi cikin dare, suka ga bugun zuciya yana tashi, barci mai nauyi yana komawa marar nauyi, ko da mutum zai rantse da safe cewa bai ji komai ba. Dare ɗaya ba wani abu ba ne. Shekara ashirin na irin wannan dare shi ne abin dubawa, domin yankakken barci yana tafe da gajiyar da ba a san dalilinta ba, da saurin fushi, kuma likitoci suna danganta daɗewa cikin hayaniyar ababen hawa da hawan jini da ciwon zuciya. Hujjar ta fi ƙarfi a kan ƙarar motoci, amma ta jirgin ƙasa ma ta isa ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa nahiyar Turai a 2018, ta ce kada matsakaicin ƙarar jirgi a wajen gida ya wuce desibel 54, da dare kuma kada ya wuce 44.

Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Duk ƙarin 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma, kunne kuma ya ji kamar an ninka sau biyu. Hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60. Ɗakin barci, a shawarar hukumar, bai kamata ya wuce 30 ba. Daga 85 zuwa sama, in mutum yana wuni a ciki kullum, jin sa yana raguwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Jiniyar jirgi, a dokar Amurka, tana tsakanin 96 da 110. Maƙwabcin dogo ba ya kurmancewa don jirgi ya wuce sau huɗu ko biyar a rana, nasa rabon a barci yake. Amma wanda ya shekara ashirin tsaye tsakanin taragu suna karo da juna, inji na ruri a gefensa, babu abin toshe kunne, irin Baba ke nan.

Akwai wani bincike da nake so kowane shugaban makaranta da kowane mai rabon filaye a ƙasar Hausa ya sani. A birnin Niyok na Amurka akwai wata makarantar firamare da jirgin cikin gari ke wucewa ta gefenta a kan gada, kusan duk bayan minti huɗu da rabi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Arline Bronzaft, ta kwatanta sakamakon karatun yaran da azuzuwansu ke fuskantar dogo da na waɗanda ke ɗaya ɓangaren ginin. Makaranta ɗaya, unguwa ɗaya, iyaye masu hali iri ɗaya. Sakamakon da aka buga a 1975 ya nuna cewa 'yan aji shida na ɓangaren dogo suna bayan 'yan'uwansu a iya karatu da kusan shekara guda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, shi ne dakatawar nan da na ga malamin allo yana yi a Gusau: in ka tara ta sau da yawa a rana, shekara da shekaru, ta cinye wani yanki na karatun yaro, ga kuma hankalin da ya watse sai an sake tattaro shi. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. An sa roba a ƙarƙashin dogon, an liƙa silin mai shanye sauti a azuzuwan, da aka sake aunawa bayan 'yan shekaru sai bambancin ya ɓace. Ashe abin yana da magani.

Ƙarar jirgi ba daga wuri ɗaya take fitowa ba. Saran nan da ake ji kamar ana daka, daga mahaɗar ƙarafa yake: tsohon dogo irin na Zariya zuwa Ƙaura guntu-guntu aka jera shi, aka bar 'yar tazara tsakanin kowane biyu saboda ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana, kowace ƙafa kuma sai ta doki bakin tazarar. Sabbin layuka ana narka mahaɗar a haɗe ta, saran ya ragu ƙwarai. Akwai ƙugin da ƙafa ke yi a kan kwana, akwai jiniya a mararraba, wadda ba a isa a hana ba don rai take tsarewa. Taragun kaya masu birkin baƙin ƙarfe sun fi kowa hayaniya, domin birkin yana kankare ƙafar ta yi kaushi. Jamus, inda mutanen kwarin kogin Rayin suka daɗe suna kuka da jiragen dare, ta hana irin waɗannan taragu bin layukanta daga ƙarshen 2020. Sai kuma rurin inji mai kauri, wanda ke bi ta ƙasa ya shigo ta harsashin gini. Shi ne ya kaɗa kwanukan gwaggo, kuma shi ya fi wuyar tarewa.

A nan zan yaba wa magabatanmu. Ɗakin da na kwana a Gusau na bulo ne mai rufin kwano, babu silin, tagar katako ce mai ɓaraka. Ɗakin surukar gwaggo kuwa, a cikin gidan dai, tsohon soro ne na tubali, kaurin bangonsa ya kai kamu guda, rufin azara da ƙasa, da 'yar taga ɗaya can sama. In jirgi na wucewa ka shiga ɗakin tsohuwar, sai ka ji kamar an tura shi wata unguwa. Sauti nauyi yake tsoro, kuma ta kafa yake shiga, duk inda iska za ta bi shi ma zai bi. Kwano kuwa ganga ne, amsawa yake yi. Mun bar ginin ƙasa don muna ganin na talaka ne, muka koma kwano da bulo mai rami, muka sayo zafi da hayaniya da kuɗinmu. Wanda zama ya kama shi kusa da dogo, ko babbar hanya, abin da zai fi yi masa amfani shi ne ya mai da ɗakin barci, musamman na yara, ɓangaren da ya ba layin baya, ya sa zaure da ɗakin ajiya da kicin su zama garkuwa. Katanga mai kauri da tsawon da zai hana ka hango ƙafafun jirgi tana rage ƙara sosai, muddin ba ta da huda. A sa silin, a toshe ɓarakar taga da ƙasan ƙofa. Jerin darbejiya yana da kyau don inuwa da ƙura, yana kuma sanyaya rai, amma kada a dogara da shi, ganye ba ya tare sauti sai kaɗan. Audugar da ake cusawa a kunne ma haka.

Sai dai duk wannan dabarar mai gida ce, kuma ina jin ciwon a bar wa talaka nauyin da ba nasa ba. Babban magani tazara ce, ita kuwa hukuma ke yanka ta, tun kafin a kafa tubalin farko. Mu mutanen Anka da Bukkuyum mun biya kuɗin wannan darasi da abin da ya fi barci tsada. A 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya da Bagega, abin da aka tarar shi ne an shigo da dutsen zinariya cikin gari, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ana daka shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Ƙura ce ta kashe su, ba ƙara ba, kada a fahimce ni a karkace. Amma injinan nan sun yi ta ruri dare da rana a tsakiyar mutane, kowa ya saba da su, don kuɗi suke kawowa, kamar yadda unguwar gwaggo ta saba da jirgi. Da aka tashi gyara, bayan kwashe gurɓatacciyar ƙasa da jinyar yara, abin da aka nace a kai shi ne a fitar da niƙan bayan gari. Abu mai amfani ne, ba a ce a daina ba, an ce a ba shi wurinsa nesa da inda ake kwana.

Ina kawo wannan ne don dogo yana dawowa ƙasar Hausa. Layin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, tasharsa ta Kaduna tana Rigasa, unguwar da ke cike maƙil da jama'a. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ina murna da shi har zuciyata, kuma ina fatan ranar da za a ce wani reshe ya ratso yammacin Zamfara, manomin shinkafar Gummi ya loda kayansa a tashar garinsu. Amma na san halinmu. Da an kafa tasha filayen gefenta za su yi daraja, a yanka su ƙanana a sayar har bakin tsakuwa, a gina islamiyya da asibitin haihuwa a inda jiniya ta fi ƙarfi, kasuwa ta hau kan layi. Sunan kasuwar Bakin Dogo a Kaduna kaɗai ya isa shaida. Sabon jirgi kuma ya fi tsohon gudu nesa ba kusa ba, saransa ya ragu, ba ya yi maka sallama daga nesa kamar na da. A nan sabo ke zama haɗari na biyu: wanda ya daina jin jirgi shi ne ke tsallaka layi bai waiwaya ba, balle saurayin da ya toshe kunnuwa da waƙa a waya. Hakimai da masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomin da layin zai ratsa suna da damar da iyayenmu ba su samu ba a 1929, ta su zauna da injiniyoyi tun yanzu su tambayi ina za a bar fili, ina za a yi katanga, ina mutane da dabbobi za su tsallaka, kuma wace makaranta ce ta yi kusa da yawa. In aka ce musu jama'a za su saba, su amsa cewa sun sani, ba shi suka tambaya ba.

Na koma gidan gwaggo shekarun baya, bayan rasuwar Baba. Gyaɗa ta daɗe da faɗuwa tun farin 1973 da cutar da ta biyo bayansa, reluwe ta durƙushe, jirgin Ƙaura ya zama sai labari. Ciyawa ta rufe layin, awaki na kiwo a kai, yara sun kafa gola tsakanin ƙarafan. Na kwana a ɗakin nan dai, shiru kamar a Anka. Da asuba na tarar da ita zaune a kan buzu tana jan carbi, na gaishe ta, na tambaye ta kwanan gajiya.

"Lahiya lau, ɗan nan," ta ce. "Sai dai har yau ƙarfe biyu na dare idona buɗe yake. Lokacinsa ke nan."

Na ɗaga kai na dubi jeren. Kwanukan sun ragu, an raba wa jikoki, fentin sauran ya kode. Tsakanin kowane kwano da murfinsa akwai ɗan tsumma a ninke, wanda ta sa tun ina yaro don kada su yi ƙara, kuma ba ta cire ba.